Ƙari a Zuciyar Ɗan Fari

Uwar da ba ta taɓa kiran sunan ɗanta ba, idan ta ɗaga hannu za ta yi masa addu'a, me take ce wa Allah? "Wancan"? "Yaron gidan Alhaji"? Na tambayi malamai, na tambayi tsofaffi, kowa dariya yake yi mini. Har yau ban samu amsa ba.

Sunana Raliya. A Illela aka haife ni, bakin boda, inda akuyarka in ta ɓata sai ka je cigiyarta Ƙonni ta Nijar. A 1985, lokacin da boda take rufe, ina koyarwa a firamare, kuma an riga an kawo lefena. Wanda zan aura Lawwali ne, mai gyaran rediyo da rikoda a bakin kasuwa. Dogo ne siriri, kullum da sukurdireba a bayan kunne, kullum yana dariyar abin da bai kai a yi wa dariya ba.

Ku masu latsa waya ba za ku gane ba. Mu kaset muke aika wa juna. Shi ya ba ni rikoda 'yar baƙa mai hannu, wadda wani ɗan Nijar ya kawo gyara bai dawo ba. Sai in rufe ƙofar ɗaki, in sa ta ƙarƙashin bargo, in ji muryarsa: "Malama Raliya, ɗalibinki na gaisuwa. Yau ma bai yi aikin gida ba, yana nan yana tunanin Malama." Shirme dai irin na maza. Amma nakan mayar baya in sake ji.

Bayan ƙaramar salla ciwon ya fara. Numfashi ya riƙa yanke masa. Fuskarsa ta kumbura, jijiyoyin wuyansa suka miƙe kamar igiya, ƙafafunsa suka ƙi shiga takalmi. Ya daina iya kwanciya, sai dai ya kwana a jingine. A ɗakin shan magani suka ce tarin fuka ne, suka ɗora shi a kan allura kullum har mazaunansa suka ƙage. A gidan baffansa kuwa suka ce sammu ne, wai wani ne ke son shagonsa. Shagon da bai fi kejin kaji ba! Suka rufe shi a ɗaki suna yi masa hayaƙi. Ku ji fa, mutumin da ba ya iya numfashi, hayaƙi aka ga ya dace da shi.

Sai da ya faɗi a shago, kansa a kan rediyon wani, sannan aka kai shi asibiti a Sakkwato. Likitan, wani Ba'indiye mai furfura, ya soka masa doguwar allura a ƙasan ƙirji ya zuƙo ruwan da ya taru a jakar da ta lulluɓe zuciyarsa. Ruwan ja wur, kamar jini. Suka duba, babu ƙwayar tarin fuka a ciki. Lawwali ya samu sauƙi har ya nemi tsire. Ba a jima ba ruwan ya sake taruwa. Aka tura shi Zariya, inda akwai wata na'ura da ke nuna zuciya tana bugawa kamar a talabijin, sannan aka dawo da shi hannun Ba'indiyen.

Ranar da aka dawo da shi na je dubiya. Na sa atamfata mai ganye-ganye, ɗinkin riga da zane, da farin gyale, har da kwalli, don kada ya ga damuwa a fuskata. Ina shiga baranda sai ga likitan yana waige-waige, malamar asibitin da ke yi masa tafinta ta fita. Ya tambaya ko ina jin Turanci. Haka na tsinci kaina a ofishinsa, tsakaninsa da Alhaji Halliru.

Bari in gabatar muku da Alhaji Halliru, ƙanin mahaifin Lawwali, wanda ya riƙe shi tun yaye. Tun da aka rufe boda arzikinsa ya buɗe, don motocinsa sun san hanyoyin dajin da soja bai sani ba. Babbar rigar shadda, carbi mai ƙyalli, turaren da ke riga shi shiga ɗaki. Kada ku ce rashin hali ne ya hana shi abin da zan faɗa muku. Ko kusa.

Likitan ya zana zuciya da biro, ya raba ta ɗaki huɗu, ya yi baƙin dunƙule a ɗakin sama na dama. Ya ce ƙari ne ya tsiro a cikin zuciyar kanta, yana tare hanyar jini, yana kuma tsiyayar da jini cikin jakar. Ya ce yadda yake girma da sauri, kusan ya tabbata mugun iri ne, ciwon daji. Ya ce tun da ya fara aiki a littafi kawai yake ganinsa, don zuciya ba ta cika yin irin wannan ba.

Na fassara. Ban san da wane baki ba.

Alhaji ya ja carbi. "Tambaye shi, mi za a yi?"

Likitan ya ce a Inugu ana buɗe ƙirji. Za su yanke abin da zai yanku, su duba naman su tabbatar da irinsa, sannan a bi da magunguna masu ƙarfi, wataƙila da gashi na na'ura.

"In an tsaga, shina warkewa?"

Likitan ya cire tabarau. Ya ce ba zai yi ƙarya ba, irin wannan yakan dawo. Aikin zai iya ba shi numfashi da ƙarin watanni, wataƙila shekara, zai kuma iya mutuwa a kan gadon tiyata. In ba a yi ba, lokacin gajere ne. Ya ce kuma ba wanda zai taɓa shi sai an gaya masa gaskiya ya amince da bakinsa, don ƙirjinsa ne.

"Ce mashi mun gode," in ji Alhaji, ya miƙe yana gyara hannun riga. A baranda ya juyo gare ni. "In kai ɗan yayana ƙasar da ko mai yi mashi salla babu, a hwasa shi awa rago, shi mutu can? Ba da ni ba. Ke kuma, abin da kunnenki ya ji, nan ya tsaya. Tarin huka ne. Kin ji ko?"

Ya shiga wajen Lawwali yana washe baki. "Albishirinka! Sun ce mu tahi gida, ka ci gaba da allura."

Lawwali ya kalle ni ya kashe mini ido ɗaya. Na yi murmushi. Wallahi na yi murmushi.

Na san abin da kuke cewa a ranku: ke me ya hana ki gaya masa? Na danna jan maɓallin rikoda ban san sau nawa ba, kaset ya yi ta juyawa yana ɗaukar kukan kajin gidanmu. To in na gaya masa, sai me? Mutumin da ba ya iya zuwa bayan gida sai an riƙe shi, wa zai kai shi Inugu? Lawwali ko zama ba ya yi a gaban Alhaji sai an ce ya zauna. Da na faɗa masa, da na miƙa masa mutuwarsa ne kawai, na bar shi da ita a ɗaki. Kuma kada in ɓoye muku, maganar Alhaji ta tsaya mini a wuya, don ba duka ce shirme ba. Wataƙila Lawwali da kansa zai ce a bar shi a gida. Amma shi ya kamata ya faɗa. Ba mai turare ba.

A gidanmu kuwa wata kasuwar ake ci. Na dawo daga makaranta na tarar Ummata, Ramatu, ta sauko da akwatunan lefe daga kan gado mai rumfa, tana lissafa leshi da ido.

"Umma, lahiya?"

"Lahiya lau. Ina dubawa ne kada asu ya taɓa kayan mutane." Ta ninke wani shuɗin leshi. "Wanga da kika ɗinka, sai mu sai wani mu cika."

"Mu cika mu kai ina?"

"Inda suka hito. Raliya, ina da ido. Yaron nan ba tashi zai yi ba. Gara a mai da kaya yana da rai, da mutunci, da a ce mun jira gawa." Ta rage murya. "Kuma wancan ɗan kwastan ɗin ya sake aiko da gaisuwa."

"Mai tumbin? Wanda ɗamararsa ke neman agaji?"

"Tumbi ai lahiya ce. Ke dai kin ga abin da rama ta jawo miki."

Na yi tsaki na shige ɗaki. Uwata ke nan, mai kuka in an yanka kaza.

Washegari kwanon da muka kai musu kunu ya dawo da kaset a ciki, naɗe a leda. Na sa. Muryarsa ta shaƙe, amma shirmen na nan.

"Malama, ɗalibinki ba shi da lahiya, a yi mashi uzuri." Ƙas. "Hajiya ta ce in na warke za a yi wa ɗakinmu shuɗin fenti." Ƙas. "Na ce Malama kore take so." Ƙas.

Wannan ƙas ɗin, maɓallin tsayarwa ne. Duk jimla ɗaya sai ya tsayar da kaset ya yi haki, sannan ya ci gaba, don kada in ji. Aikinsa ne, ya iya. Amma can wajen ƙarshe yatsansa ya kuskure. Ya ce, "Ki gaida Umma," na jira ƙas, bai zo ba. Sai numfashi, irin na wanda ake dannawa cikin ruwa. Gado yana ƙara. Tari. Sannan a hankali, ba da ni yake ba, ba da kowa yake ba:

"Inna... wayyo Inna."

Na zauna riƙe da rikodar har kaset ya ƙare da kansa.

Yanzu sai in gaya muku wace ce Inna Tasalla. Ita ta haifi Lawwali, shi ne ɗanta na fari, kuma tana yi masa kunyar ɗan fari irin ta mutanen da, wadda ba sassauci. Tana yaye shi aka kai shi gidan Alhaji. Ba ta kiran sunansa. Ba ta zama inda yake zaune. In ya je gaishe ta a ƙauyensu, Garu, sai ta juya baya ta amsa wa bango. Shi ma ba ya ce mata Inna, Adda yake ce mata, yadda ƙannenta ke kiranta. Tun da ya kwanta ba ta taka gidan ba. Fura take aikowa ranar kasuwa, a ce "ta mutanen gidan Alhaji ce." Kuma duk Illela yabonta ake yi. Ka ji mata a gidan biki: "Tasalla akwai kunya, ɗanta na kwance ko ta tambaya!" Kamar wadda ta ci jarrabawa.

Amma mijinta ya rasu, kuma duk duniya ita kaɗai ce in ta ce "ɗana ne," Alhaji ba shi da amsa.

Ranar Juma'a da aka tashi makaranta da wuri na sa sababbin batir, na naɗe rikodar a gyale, na hau akori-kura zuwa Garu. Na same ta a gindin rumbu tana sussukar gero, 'yar ƙaramar mace baƙa, zane ɗaya ɗaure a ƙirji, tsagen fuskarta ya nutse cikin tamoji. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa a ƙwarya, ta tambayi Umma, ta tambayi makaranta, ta tambayi har akuyarmu da ta haihu. Mutum ɗaya ne ba ta tambaya ba.

Na ce, "Inna, kan maganar Lawwali na zo."

Ta kau da kai kamar na yi ashar. "Mutanen gidan Alhaji suna lahiya?"

"Ba su lahiya. Ɗaya daga cikinsu mutuwa zai yi."

Na faɗa mata duka. Ɗaki huɗu, baƙin dunƙule, Inugu, abin da likita ya ce da abin da Alhaji ya ce. Na zana mata zuciyar a ƙasa da tsinke. Ba ta kalla ba. Taɓaryarta ba ta tsaya ba.

"Shina da uba," ta ce. "Alhaji shi ad da shi. Ni mi nawa a ciki?"

"Ke kika haife shi."

"Ke ɗiyar nan, ba ki da kunya?"

"Na bar ta a mota, Inna. Taku ma ta ishi garin nan."

Ta ɗago ta dube ni. Na ɗauka za ta kore ni, da ma ta yi, da na ji daɗi. Sai ta ce, a sanyaye, "Uwata ba ta kira sunan yayana ba har ta mutu. Kina cewa ba ta son shi? Ku 'yan boko komi sai kun hwaɗa da baki. Abin da Allah ya rubuta mashi, in na shiga ɗakin zai goge?"

"Ba zai goge ba. Amma ana yi masa ƙarya, yana zaɓen fentin ɗaki."

"Ba ni shiga. Ba ni kuma yi wa Alhaji magana. Sha ruwanki."

Na kwance gyale, na ajiye rikodar a kan turmin da ke kife, na danna. Muryarsa ta cika tsakar gidan. Ta tashi da sauri ta shige bayan rumbu, wai kada ta ji muryar ɗan fari. Na ƙure ƙarar. Ƙas. Ƙas. Sannan hakin. Sannan kalmar.

Daga bayan rumbu ta ce, "Ba ni yake kira ba. Matar Alhaji ce."

"Hajiya yake ce mata. Ke kuma Adda. To wa ya rage, Inna? Wata uwar gare shi a Ƙonni?"

Sai ta ce, tana nan bayan rumbun:

"Ɗauki abinki ki tahi, rana na yi."

Ban ɗauka ba. Don mugunta na bar ta, ba don dabara ba. Na ɗaga murya na ce wa rumbun, "Wannan maɓallin na mayarwa baya ne, wannan na kunnawa. In kin ga dama ki jefa ta rijiya." Na fito. A mota na yi ta zaginta a zuci, ita da kunyarta da masu yaba mata.

Lahadi ranar kasuwar Illela ce. Da hantsi ina wanki, Umma tana ɗaure akwatunan lefe da igiya, don ta yanke ranar za a mayar. Sai muka ji sallama. Inna Tasalla ce, cikin baƙin zane saƙi da lulluɓi, ƙafafunta fari fat da ƙurar hanya. Babu ƙwaryar fura a kanta. Rikodar ce, naɗe a tsumma.

Ta sauke ta miƙo mini. "Abinki ya lalace. Ya bar magana."

Na danna. Muryar Lawwali ta fito a ja, kamar ta tsoho mai barci, ta mutu. Sababbin batir ɗin da na sa shekaranjiya. Na dube ta, ta dubi ƙasa.

"Sa gyalenki," ta ce. "Ki raka ni."

Umma ta buɗe baki, ta kalli akwatunan, ta rufe.

Alhaji Halliru yana zaure da mutanensa ana shan shayi. Da ya gan ta sai da kofin ya tsaya a hanya. Rabonta da gidan tun ranar da ta kawo yaron yaye.

"Tasalla? Lahiya? Mi ya hwaru?"

Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, ba ta rage komai ba. Sannan ta ce, "Alhaji, ka riƙa, Allah shi biya ka. Yau na zo ganin ɗana."

Wani tsoho ya ce, "Subhanallahi." Alhaji ya harare ni, na harare shi. Ya ce, "Tasalla, kada yarinyar ga ta zuga ki. Hankalinshi kwance yake. Ki bar shi haka."

"In ya ji ya ce a bar shi, an bar shi," ta ce. Ta miƙe ta wuce ta gabansa.

Ɗakin yana warin hayaƙi da man zafi. Lawwali na jingine da matasai uku, fuskarsa ta cika har idanun sun ƙanƙance, wata rediyo a buɗe a cinyarsa yana ƙoƙarin gyarawa. Ya gan ni ya fara murmushi. Sai ya ga wadda ke bayana. Sukurdireban ya faɗi. Ya yunƙura zai sauko ƙasa, yana jan hula, yana kau da ido.

"Adda... sannu da... ai da kin aiko..."

Ba ta juya wa bango ba. Ta taka har bakin gadon, ta ɗauke rediyon ta ajiye a ƙasa, ta zauna kusa da shi. Ta ɗora tafin hannunta a ƙirjinsa, gefen dama, daidai inda na zana mata a ƙasa ranar da na rantse ba ta kalla ba. Leɓenta ya motsa sau biyu ba sauti, kamar mai koyon karatu.

"Lawwali," ta ce.

Ya daina numfashi, na rantse har na tsorata.

"Lawwali, ga ni." Ba ta ɗauke hannun ba, ta juyo gare ni. "Ke Malama, zo nan. Hwaɗa mashi abin da likita yac ce. Duka. Ina nan zaune."